Ƙafar Saniya a Tukunyar Ƙwayoyin Cuta

Gara in faɗa da bakina: na taɓa dafa ƙafar saniya a tukunyar da ake kashe ƙwayoyin cuta, na kuma cinye ta har da romo. Aji uku na yi a firamare. Ban da haka, wallahi, ba ni da wani uzuri.

Lokacin ina shara da wanke-wanke a ɗakin kimiyya na wata sakandare a Illela, kuma da wannan aikin nake ciyar da mutum shida. Malamin kimiyyar matashi ne daga Sakkwato, Baba yake kirana. Ya sa ɗalibai su ɗebo ruwan tafkin Kalmalo, su shafa shi a wasu 'yan farantan gilashi masu murfi. Kwana biyu sai wani abu ya tsiro, ɗigo-ɗigo kamar funfuna. Ya ce in an gama dubawa, kada wanda ya buɗe sai an dafa su rabin awa a tukunya mai ƙulli, mai fito kamar jirgin ƙasa. Dafawar aikina ce.

Ni kuwa da na ga irin zafin tukunyar nan, sai ƙafar saniya ta faɗo mini a rai, wadda matata ke kashe wuni a kanta. Na gwada da tsakar rana. Kafin a kira azahar nama ya bar ƙashi! Daga ranar tukunya ta zama tawa. Farantan kuwa sai in buɗe, in wanke a bokiti da omo da hannuna, in watsar da ruwan bayan ɗaki. Abin da ido ba ya gani, na ce, me zai yi wa ƙato kamata?

Ya nuna mini. Kwana uku ina zarya tsakanin tabarma da bayan gida, buta ta zama aminiyata.

Da na dawo, na tarar da malam ya buɗe tukunya yana shinshinawa.

"Baba, mi ad da warin daddawa nan ciki?"

"Ƙila ƙwayoyin ne, malam. Na Kalmalo, ai ka san su da ƙarfi."

Sai ya sa yatsa biyu ya ciro ɗan ƙashi.

Shugaban makaranta ya ce in ajiye tsintsiya in tafi. Na tsaya ina tunanin abin da zan faɗa a gida. Malam ya roƙa, ya ce laifin har da nasa, tunda bai taɓa tabbatar da an dafa ba. Aka bar ni, aka kafa doka: duk dafawa sai an sa ɗanyen ƙwai a tsakiyar farantai. In ya fito a dafe, an kunna wuta ke nan. Malam ya fasa, ɗalibai su gani, a jefa a ramin shara. Ya ce ko kare kada a ba.

Jefawar ma aikina ce.

Shekara huɗu ban sake tsallake dafawa ba, har ni ke tuna masa in ya manta. Ranar da aka yi masa canjin wurin aiki, na ɗauko masa jaka zuwa tasha. Ya shiga mota, ya leƙo ta taga.

"Baba, shekara huɗu ina duba ramin nan. Ɓawo nika gani, ban taɓa ganin ƙwai ba."