Mai Koyar da Tuƙi a Gaban Alƙali

Shekara ashirin da bakwai Baba Sannu-Sannu ya yi yana koyar da tuƙi da wata tsohuwar mota mai birki biyu. Ɗalibansa ne suka laƙaba masa sunan, domin ko kaza ce za ta tsallaka titi sai ya ce a tsaya mata.

Ranar da aka bugo masa waya cewa matarsa ta yanke jiki ta faɗi a kasuwa, shi kaɗai ne a motar. Shataletale da nisa, ga cunkoso, sai ya karya kan mota a tsakiyar titi, daidai inda aka kafa alamar hana juyawa. Wani tela da ke tafe a kan babur ya afka masa. Matar Baba ta farfaɗo kafin la'asar. Telan kuwa sai da aka yanke masa ƙafar dama, wadda yake taka keken ɗinki da ita.

Lauya ya ba Baba shawara ya ce reshen bishiya ya rufe alamar, kuma da gaske ya rufe ta.

"Ranka ya daɗe," in ji Baba ga alƙali, "ko ido a rufe na san alamar nan. Ni nake nuna wa mutane ita."

Aka ɗora masa laifi, aka karɓe lasisinsa. Yanzu duk ranar wankin ciwo shi ke tura telan a keken guragu har asibiti. Telan bai taɓa zaginsa ba, bai kuma taɓa amsa gaisuwarsa ba.