Ɗorawata a Bayan Makaranta

Jiya maƙwabciyata ta ɗora kalwa, warin ya tsallako katanga ya iske ni ina tsintar wake. 'Yan yanzu toshe hanci suke yi. Ni kuwa sai na ji ni ƙaramar yarinya a ƙauyenmu, can bayan Ƙanƙara, ina bin kakata da ƙwarya a kai.

Kakar nan tawa ta wajen uba tana da ɗorawa guda a cikin gonar da ba tata ba. Kada ka yi mamaki, haka abin yake a wajenmu: gona ta wani, iccen da ke ciki na wani. Mai gona ya noma dawarshi har gindinta, amma ko reshe bai taɓawa. Da bazara, lokacin da zafi ke hana kare haushi, ɗiyan sun bushe suna kacau-kacau in iska ta kaɗa, sai ta ɗauko gorarta mai ƙugiya. Mu sha gari har bakinmu ya rine. Kalwa a yi daddawa, ɓawo a jiƙa makuba a yi daɓen ɗaki. Da ciwon ajali ya kama ta, ta ce a gaban baffannina, "Iccen nan na mai bakin nan ne, kowa ya ji." Ni ce mai bakin.

A hankali gari ya ci gonar. Jikokin mai ita suka ba da filin aka gina firamare, ɗorawata ta faɗo bayan azuzuwa. Ba wanda ya ce mani komai. Duk bazara in sa a kaɗo mani abata.

Bara 'yan kasuwarmu suka haɗu wai za su taimaki makaranta da lambu, yara su koyi shuka da kula da muhalli. Mai tireda ya kawo wayar shinge. Mai sayar da taki ya ba da iri da butocin ban-ruwa. Mai gawayi, wanda ke lodo daga dajin Sabuwa, shi ya kawo dashen mangwaro da zogale cikin baƙar leda. Aka kafa allo. Tun da na yi yaƙi da jahilci da furfurata ba na wuce rubutu. Na tsaya na haɗa baƙi: a dasa icce, a raya ƙasa. Na ce madalla.

Ba a jima ba sai ga hedimasta da mai gawayi a ƙofar gidana. Hedimasta ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce, "Hajiya, inuwar ɗorawar nan ta hana lambu. Tumatir sai tsawo, ba ɗiya."

Mai gawayi ya ce, "Inna, ni zan sare ta kyauta, in dasa goma a madadinta."

Na ce, "Kai ɗan nan, gawayin fa, na wa?" Ya hau sosa ƙeya.

Na juya na ce, "Malam, allonku ne ya yi ƙarya ko ni ce ban iya karatu ba?"

Bai yi fushi ba. Ya ce da yawa cikin yaran ɗiyan waɗanda suka gudo daga ƙauyukan Faskari ne, gonakinsu ba su shiguwa saboda ɓarayin daji. Waɗansu a lambun nan suka fara riƙe fartanya, abin da suka tsinka kuma gida suke kaiwa a yi miya. Sai na tuna shi ma mai gawayin manomi ne kafin a kore su.

To ka ji inda kaina ya kulle. Mai kashe daji shi ke kawo dashe. Masu koya wa yara son icce su ke son a sare icce. Kuma na duba na duba, ban ga maƙaryaci a cikinsu ba.

Na ce a datse rassan gabas, na gefen lambu kaɗai. Na ɗauki tabarmata na je na zauna ana yi, kada hannu ya zarce.

Bana ɗiyan da ta yi ba su cika ƙwarya ba. Dashen kuwa awaki sun cinye rabi. Amma lambu ya yi kyau, kore shar. Wata yarinya da ban san ɗiyar wa ce ba ta kawo mani alayyafo, ta ce na gonarsu ne. Gonarsu, ka ji. Na yi miya da dunƙulen kanti, ta kuma yi daɗi, ba zan yi ƙarya ba.

Yanzu hedimasta ya sake aikowa, wai za su faɗaɗa lambun ya yi yamma. Na ce a gaya mashi rassan yamma su jira in kwanta dama. Bayan nan ne ban sani ba. In bar wa jikokina, waɗanda ba su san hanyar gindinta ba? Ko in bar wa ɗiyan mutane da ke cin ɗumamensu kullum a sauran inuwarta, waɗanda malaminsu ke jiran a sare ta? Dā icce na da mai shi, kowa ya san ƙofar da zai yi sallama. Wagga kam, ni ce mai ita, kuma ni ce na rasa wa zan tambaya.