Gonar Tudun da Ta Cinye Yaya Sahabi

Da daminar nan Yaya Sahabi ya cika shekara goma sha ɗaya a ƙarƙashin ƙasa. Na saba in bar ranar ta wuce da addu'a da sadakar ƙosai, ba na damun masu karatu da kukan gidanmu. Bana kuwa dole in yi magana, domin kawunmu Altine, ƙanin mahaifiyarmu, ya samu kujerar Makka, yana bin gida-gida yana neman gafara, kuma layi ya zo kaina.

Mu mutanen wani ƙauye ne kusa da Fakku, a ƙasar Kebbe, masu kiwo da ɗan noman bayan gida. Da mahaifinmu ya rasu, Yaya ne babba, ni ce auta, garke ya koma hannunsa. A lokacin an fara jin labarin ɓarayin shanu, sai ya yanke shawarar ya mayar da rabin garken gona, tunda ƙasa ba a kora ta cikin daji. Kawu Altine ya ji, ya ce ina amfanin zumunci in ɗan 'yar'uwarsa zai je neman gona wurin bare? Yana da gona biyu, ɗaya a kan tudu, ɗaya a gindinsa. Ya ce a ba shi shanun, a ɗauki ta saman.

Farkon damina Kawu ya kai Yaya ganin wurin. Yumɓu ne ja mai duhu, ya sha ruwa yana ƙyalli, ga ciyawa tsaye babu bakin da ya taɓa ta, alhali ko'ina dabbobi sun gama aske ƙasa. Yaya makiyayi ne, da ciyawa yake auna wuri. Ya dawo gida yana murna, yana cewa, "Hajaru, ban taɓa ganin ƙasa mai ƙarfin wagga ba." Bai tsaya ya tambayi kansa abin da ya hana shanu cin wannan ciyawa ba. Kawu ya san dalili, duk manoman gefen sun sani, amma wa zai shiga tsakanin mutum da kawunsa?

Ranar da aka sa garma asiri ya tonu. Yumɓun ko zurfin tafin hannu biyu bai kai ba. Ƙarƙashinsa dutse ne shimfiɗe, kore-kore, mai santsi kamar fatar maciji. In an yi ruwa, gonar ta zama caɓi ta riƙe ƙafa. In aka yi kwanaki babu ruwa, sai ta daddare har yatsa ya shige. Gero ya fito da kyau, ya kai gwiwa, saiwarsa ta taɓa dutsen, sai ya yi rawaya ya tsaya. Wake ma da ba ya zaɓen wuri, a nan ya ƙi.

Na ce wa Yaya ya koma ya karɓo shanunmu. Ya ce shi ba zai kai ƙanin uwarsa gaban alƙali ba. Haka Allah ya halicce shi, mutum ne da in ka taka shi, shi ne zai ba ka haƙuri. Maimakon ƙara, sai ya sayi jaki. Rani bayan rani yana ɗebo baƙar ƙasa daga bakin rafi, yana haɗawa da takin sauran shanunmu, yana hawa tudu yana zubawa, wai sai ya yi wa gonar kauri. Inda dutsen ya fito fili ya tara kara ya kunna wuta, ya watsa ruwa, ya bi shi da guduma. Da yamma zai shigo fari fat da ƙura, matarsa Hanne ta ba shi fura, yana sha yana tari. An ce mai haƙuri yakan dafa dutse har ya sha romonsa. Yayana ya dafa, amma romon wani ya sha.

Domin ruwa gangara yake bi. Duk damina, ruwan farko mai ƙarfi zai wanke baƙar ƙasar da takin, ya sauke su a gonar gindin tudu. Gonar wa? Ta Kawu Altine. Dawarsa ta riƙa yin tsawon da mutum zai ɓace a ciki, ya ƙara rumbu, ya ƙara wani. Ya karɓi shanunmu da rana tsaka, sannan ya zauna a inuwa ana yi masa jigilar taki kyauta. Ko dami ɗaya bai taɓa aiko wa 'ya'yan Yaya ba, har a shekarar da suka kwana da tafasa.

Tarin bai bar Yaya ba. Muka kawo shi asibiti a nan Tambuwal, inda nake aure nake kuma koyarwa, ya yi jinyarsa a ɗakina har rai ya yi halinsa. Babu likitan da ya ce mini ƙurar dutsen ce, kuma na san kwana ne ya ƙare. Amma na san wanda ya ɗora shi a kan dutsen.

Nakan tambayi kaina me zai ce da zai leƙo yau. Zai ga tudun ya koma yadda yake, ƙaya da tsakuwa. Zai ga Nasiru, babban ɗansa, wanda ya so ya yi karatu, yana kabu-kabu a hanyar Kebbe, yana cin ƙura don ƙannensa su ci tuwo. Kuma na rantse, da zai ga kawunsa da sabuwar jakar tafiya, sai ya riga kowa karɓar ta ya raka shi tasha. Wannan halin nasa ne har yau yake sa ni kuka, yake kuma ba ni haushi.

Makon jiya Kawu ya yi sallama a gidana, ya tsufa, yana dogara sanda. Na shimfiɗa masa tabarma, na kawo ruwa, domin ba a haife ni don in wulaƙanta babba ba. Ya ce, "Ɗiyata, tahiya ni ka shirin yi. Abin da anka yi a baya ya wuce, ki yafe min."

Na ce, "Kawu, na yarda, da sharaɗi guda. Ka amshi tudunka, ka ba marayun Sahabi gonar ƙasa. Ai ƙasar da ubansu ya ɗauko tana cikinta."

Sai ya ce ai ciniki ya riga ya faɗa tun da daɗewa, kuma gonar nan ita ce abin da zai bar wa nasa 'ya'yan. Ya miƙe, ya ce Allah ya shirye ni. Ashe gafarar ma kyauta yake so a hau tudu a sauko masa da ita.

Tun daga ranar dangi ke ta yi mini aike, wai ba a hana maniyyaci yafiya, wai Hanne ma ta yafe. Hanne ta yafe nata, ita ta san zuciyarta. Abin da ya rage na Yaya Sahabi a duniya bai da yawa: 'ya'ya masu irin kunyarsa, da suna mai kyau da ko maƙiyi bai iya ɓatawa, sai kuma guminsa da ke kwance a gonar wani yana fitar da dawar da aka sayar aka biya kujera. Haƙurinsa ya tafi da shi kabari, bai bar mini ko kaɗan ba.

Saboda haka, Kawu, Allah ya kai ka lafiya, ya dawo da kai lafiya. Alhaki kwikwiyo ne, zai bi ka har cikin jirgi. Na san halin danginmu, wani zai lallaɓo ya ce maka Hajaru ta huce, don ka tafi da sanyin zuciya. Shi ya sa na zo jarida inda kowa zai gani. Duk wanda ya ce maka na yafe, ƙarya yake yi.