Ranar da Baba ya kife kaskon maƙera

Kome zan manta a rayuwata, ban da safiyar da na shiga maƙerarmu na tarar da kaskon ruwa a kife. Yau shekaru sun ja, furfura ta fara leƙowa a gemuna, ana kai ayyukana na gilashi baje koli a Kano da Abuja da Legas, wasu har sun haye teku. Amma duk lokacin da aka tambaye ni inda na koyi sana'a, kafin bakina ya ba da amsa, zuciyata ta riga ta koma wurin kaskon nan.

Mu maƙera ne tun kaka da kakanni a cikin garin Haɗeja. Mahaifina fartanya yake ƙerawa da garma da lauje, sai ƙugiyoyi na masunta. Ni kuwa sunan kakana aka sa mini, saboda haka Baba bai taɓa kiran sunana ba, sai dai ya ce "Babana". A gefen uwar maƙera akwai wani tsohon kasko, baƙi ƙirin, wanda kakan nawa ya kafa. Duk ƙarfen da aka gama bugu, cikinsa ake tsoma shi ya yi cuu, hayaƙi ya tashi. Tun da na buɗe ido ban taɓa ganin kaskon nan ba ruwa ba. Ko ranar salla sai Baba ya leƙa ya ƙara masa.

Ni ne na fara karkacewa daga hanya. Na karanta zane a makaranta, sai hidimar ƙasa ta jefa ni Bidda. A can na ga masu narka kwalba suna yin awarwaro da duwatsun wuya. Ranar farko da na ga kwalbar lemo ta narke tana zuba kamar zuma, na tsaya baki sake har aka yi mini dariya. Na liƙe musu, ina share musu wuri, ina kallon hannunsu, har suka gaji suka fara nuna mini. Amma ni ba awarwaro ne a raina ba. So nake in yi kifi da tsuntsayen fadamarmu, irin waɗanda na tashi ina gani a bakin kogi.

Na dawo gida na shiga bin shaguna da gidajen biki ina tsintar kwalabe. Unguwa ta samu abin magana: ɗan maƙeri ya gama boko ya koma yawon bola. Baba ya zuba mini ido har buhunan kwalaben suka cike zaure. Ranar ya kira ni ya ce, "Babana, wannan tarkacen fa?"

Na yi masa bayani tiryan-tiryan, har da zana masa tarwaɗa a ƙasa. Ya saurara yana sosa gemu, sannan ya ce, "Ni dai ban taɓa jin an ci abinci da fasasshiyar kwalba ba. Amma rani ne, aiki ya yi sauƙi. Na ba ka wutar maƙera daga yau har ruwan farko ya sauka. In ka fitar da abu ɗaya lafiyayye, wanda za a ɗauka a hannu bai rabe ba, na sa maka albarka ka ci gaba. In ruwa ya sauka ba ka yi ba, ka rushe abin da ka gina ka ɗauki masaba, gudumar ƙira. Ka yarda?"

Na ce na yarda, har da murmushi. A raina na ce mako biyu ma ya yi mini yawa.

Na gina ɗan murhun yumɓu a kan wutar, na fara. Ashe ganin hannun gwani daban, naka hannun daban. Ni ne mai zuga, ni ne mai juya gilashi a bakin sandar ƙarfe. Da na saki zuga-zugi in gyara bakin kifi, sai wuta ta yi sanyi, gilashin ya ƙage. In kuma Allah ya taimake ni na kai ƙarshe, sai in ajiye shi a toka, can anjima in ji ƙas, ya tsage gida biyu. Shi gilashi ba ya son a gaggauta masa. In bayansa ya huce cikinsa na da zafi, fashewa zai yi. Na san wannan tun a Bidda, amma tokar gawayinmu ba ta riƙe zafi yadda kifi mai kauri yake buƙata. Wata biyu ina tara gawarwakin kifi a kwando. Baba yana zaune a ƙofa yana wasa lauje, bai taɓa cewa sannu ba, bai kuma taɓa cewa ka gani ba. Ni kuwa na ɗauki shirun nan a matsayin jira yake in faɗi.

Wadda ta cece ni a nan gwaggona ce, yayar Baba, mai bandar kifi a Guri. Ta zo ganin gida ta leƙa kwandon nan, ta kwashe da dariya. "Kai, wannan wane irin masunci ne, duk kifinsa rabi-rabi?" Da na gaya mata damuwata sai ta daina dariya. Ta ce, "To ai tokarka ce ba ta da kirki. Buntun shinkafa za ka nema. Ni in na turara shi da hantsi, washegari ma ba na iya sa hannu a cikinsa." Bayan kwana uku sai ga buhu biyu ta taho da su da kanta a motar kasuwa, ta ce za ta zauna ta ga ƙarshen wannan haukan.

Lokacin gabas ta fara haɗa baƙi da yamma, iska ta canja, manoma sun fara leƙowa suna tambayar fartanya. Wata rana na cika rabin duro da buntu na turara shi tun safe. Na zaɓi korayen kwalabe iri ɗaya, na narka. Ban san abin da ya faru da hannuna ranar ba, kome ya bi ni. Jikin tarwaɗa ya fito sumul, na ja wutsiya ta lanƙwasa, na ja gashin bakinta guda-guda ba wanda ya karye. Tsawonta bai fi tafin hannu ba, tana ja tana sheƙi. Saura kawai in binne ta a buntu, ga shi ban buɗe ramin ba. Na waiga, Baba na tsaye a kaina, ban ma san sanda ya shigo ba. Na miƙa masa awartaki na ce, "Baba riƙe mini."

Na juya ina tone buntu. Sai na ji cuu.

Kafin in waigo na ji tas, kamar an harba dutse a kwano. Baba na tsaye da awartaki a cikin kasko, hayaƙi na tashi, tarwaɗata ta zama tsakuwa a ƙarƙashin ruwa. Mutumin da ya yi shekara arba'in duk jan abin da aka miƙa masa ruwa yake kai shi, hannunsa ya yi abin da ya saba kafin kansa ya sani. Yanzu na fahimci haka. A lokacin kuwa idona ya rufe.

Na ce, "Da gangan ka yi! Dama ba ka so, tun farko ba ka so!"

Har yau in na tuna sai in ji kunya ta rufe ni. Ban taɓa ɗaga masa murya ba sai ranar. Ya dubi awartakin, ya dubi hannunsa kamar na wani ne aka ara masa. Ni kuwa na fice fuu, na nufi bakin kogi na zauna ina kallon masu kwale-kwale suna ja da baya saboda hadari. Ban daɗe ba aka fara yayyafi, kafin la'asar ta yi sanyi ruwa ya kece. Yara suna tsalle, manoma suna hamdala, ni kaɗai ne a garin nan ruwan farko ya zame wa baƙin labari. Wa'adi ya cika, ba ni da kifi ko ɗaya.

Na dawo a jiƙe sharkaf, na tarar da Gwaggo a zaure tana jirana. Ba ta bari na zauna ba. Ta ce, "Kai ne ka ce wa ƙanina da gangan? To bari ka ji. Tun da ka fara wannan abin, kullum in ka fita sai ya shiga ya ɗauki fasassun nan yana ɗaga su a rana yana kallo. Ni ya aiko wa in zo in gani ko ina da dabara, ka ɗauka haka kawai na baro bandata? Yau ko tuwo bai taɓa ba." Na sunkuyar da kai. Na so in shiga wurinsa a lokacin, kunya ta hana ni.

Washegari kasuwar Kafin Hausa ke ci, kuma kasuwar da ta biyo bayan ruwan farko ita ce babbar ranar maƙeri a shekara. Na san Baba zai yi sammako da fartanyoyinsa. Na ce bari in cika alkawari tun kafin ya dawo: in rushe murhuna, in share masa wuri, in ya so da yamma in durƙusa in ba shi haƙuri. Na ɗauki masaba na shiga.

Abin da na fara gani shi ne kaskon kakana a kife, ƙasa ta jiƙe a kewayensa. Wuta na ci a murhuna, buntu na turara a duro, an wanke korayen kwalabe an jera. Baba kuwa yana zaune a ƙasa, a wurin mai zuga, ya rungume zuga-zugi. A gidan maƙera wannan mazaunin na ƙarami ne. Tun da kakana ya rasu Baba bai sake zama a wurin ba.

Na durƙusa na ce, "Baba ka yafe mini, bakina ne ya..."

Ya katse ni. "Ajiye masabar nan, ba ranarta ba ce. Jiya ka cika sharaɗi, da idona na ga kifi. Ni na kashe shi, ni zan biya." Ya nuna kaskon da haɓa. "Wancan kuma na zubar, don ban yarda da hannun nan ba. In ka sake miƙo mini, sai dai ya tsoma a iska."

Na ce, "Kasuwa fa? Kuma Baba, kai za ka yi mini zuga? Mutane su shigo su gani?"

Ya ce, "Su gani mana. Na yi wa mai sunanka zuga shekara da shekaru, don na ƙara kwana ɗaya ba zan mutu ba. Tashi, Babana, gawayi na ƙonewa."

Hawaye na zuba ina ɗebo gilashi. Ban taɓa sanin daɗin aiki da wuta mai tsayawa ba sai ranar. Baba ya san numfashin wuta fiye da yadda na san tafin hannuna. Ban ce ƙara ba, ban ce rage ba, launin gilashin kawai yake kallo. Manoma biyu suka yi sallama suna neman fartanya, suka tsaya turus da suka ga wanda ke zuga. Ko ɗagowa bai yi ba ya ce, "Ku dawo jibi, yau ina da maigida." Da na gama, ni da kaina na kai sabuwar tarwaɗar duro, shi ya buɗe ramin, muka binne.

Sai jira. Nan ma na nuna halina, don kafin azahar na je duron nan ya fi sau biyar. A na ƙarshe Baba ya buge mini hannu ya ce, "Ba kai ka ce sai ta huce don kanta ba? Ni na yi nawa kuskuren, kar ka yi naka." Ya jawo tabarma ya zauna a gaban duron kamar mai gadi. Gwaggo tana daga tsakar gida tana cewa ita dai tunda take ba ta taɓa ganin maza biyu sun tare a kan kifin da ba a cinsa.

Washegari da hantsi muka tone. Ta fito lafiya lau, kore shar, toka a jikinta. Gaskiya ba ta kai ta farko kyau ba: kanta ya yi girma, gashin baki ɗaya ya fi sauran tsawo. Baba ya goge ta da bakin rigarsa, ya fita waje ya ɗaga ta a rana, hasken ya sauka kore a fuskarsa. Ya daɗe yana kallo sannan ya ce, "Allah ya yi maka albarka. Je ka yi sana'arka."

Daga nan hanya ta buɗe a hankali. Na koma ƙarin karatu, na yi aiki a ƙarƙashin wasu, na faɗi na tashi. Yau ina da murhun gas da akwatin da ke hutar da gilashi da kansa, ba na buƙatar buntu. Na yi belbela da shamuwa da kwale-kwale mai tsawon mutum. Baba ya ga wasu daga ciki kafin Allah ya karɓi abinsa. An sha yi mini tayin tarwaɗar nan mai ƙaton kai, na ce ba ta sayarwa ba ce. Shi ma kaskon, da Baba ya rasu na roƙi 'yan'uwana suka bar mini, yana wurin aikina, a kife.

Abin da na koya shi ne kada in yanke wa mutum hukunci da abin da hannunsa ya yi cikin ƙiftawar ido, in jira in ga abin da zai yi da safe. Na zargi mahaifina da mugunta, shi kuwa ya amsa mini da barin kasuwarsa, ya zubar da ruwan da ubansa ya bar masa, ya zauna a ƙasa ya yi mini zuga. Duk abin da na zama, daga wannan zaman ya fara. Allah ya jiƙan Baba, ya saka wa Gwaggo da alheri.