Ranar da Makarar Baba Ta Kasa Shan Kwana

Abubuwa da yawa sun wuce a rayuwata waɗanda ko an tuna mini sai na yi ta lalube, amma ranar da na rushe ɗakina da hannuna, jama'a cike da ƙofar gida suna jiranmu, ba za ta fita daga raina ba har in koma ga Allah. Yau furfura ta gama cinye gemuna, amma duk sanda na bi ta lungun gidanmu sai na ji nauyin gudumar nan a hannuna.

Gidanmu yana Anguwan Rogo a cikin Jos. Yaran yanzu ba sa yarda idan na ce musu a tsakar gidan nan muka koyi buga ƙwallo. Fili ne fetal, ga rijiya a tsakiya, ga wata ƙatuwar bishiyar piya da ke jefo mana 'ya'ya a kan kwano mu yi ta rige-rigen tsinta. Inna, mahaifiyarmu, tana da ɗan lambunta na alayyafo da tumatir a jikin katanga, bayan gida kuma gonar rogo da masara ce har gindin duwatsu. Da safe idan sanyin Jos ya matsa, sai a hura wuta a tsakar gida mu kewaye ta, kowa ya tura dankalinsa cikin toka yana gadi kada ɗan'uwansa ya yi masa wayo. Mu tara Inna ta haifa, shida maza, ni ne auta, kuma ban taɓa jin gidan ya yi mana kaɗan ba.

Baba kafinta ne. A kasuwar Katako yake sayen itacensa, a zaure yake aiki. Shi ya ƙera makarar masallacin unguwarmu, sadaka, bai karɓi ko sisi ba. Da ya gama ta sai ya yanki wani siririn katako daidai faɗinta, ya ƙara ɗan abin da zai ishi kafaɗun masu ɗauka, ya rataye shi a ƙusa a zaure. Wannan katako shi ne alƙalin gidanmu. Al'adarmu ita ce duk namijin da zai yi aure, a yanka masa wuri a tsakar gida ya yi ɗaki. Ranar da za a ja igiyar gini, Baba zai sauko da katakonsa, ya gitta shi a hanyar da ta taso daga ƙofar ɗakinsa zuwa zaure, ya ce, "Ku yi ɗakinku yadda kuke so, amma ku bar wa makara hanya. Kowa a gidan nan ta nan zai fita."

Mu dai dariya muke yi a ɓoye. Babban yayanmu yakan ce Baba ne kaɗai mutumin da ke kawo zancen mutuwa ana shirin biki.

Haka ɗakuna suka yi ta cin filin. Auren babban yaya ya cinye lambun Inna. Auren yaya na huɗu ya ci bishiyar piya, ranar da aka sare ta Inna ko tuwo ba ta ci ba. Rijiya ta koma wani saƙo, sai ka karkace kafin ka ja guga. A waje ma haka abin yake. Gonar rogo ta zama gidaje, filin da muke kiwon awaki ya zama gidaje, har kan duwatsun da muke hawa aka kafa gini. Bayan rikice-rikicen da garin ya sha, 'yan'uwa da ke zaune a wasu unguwanni suka tattaro suka dawo cikinmu, kowane gida ya ƙara cika. Aka wayi gari mai keke napep yana sauke mu a bakin titi, ya ce lungunmu ba ya shiguwa.

Ni tela ne. Da aurena ya zo, ragowar wurin da ya saura aka ba ni, ɗaki ɗaya a bakin hanyar nan ta Baba. Cikin shekara bakwai Allah ya ba mu 'ya'ya huɗu, ga na biyar a ciki. Idan aka shimfiɗa tabarma, sai ka tsallake ƙafafu kafin ka kai ƙofa. Wata rana maiɗakina ta dawo daga awo a asibiti, ta zauna bakin gado tana haki, ta ce, "Baban yara, malamar asibiti ta ce jinina ya yi ƙasa. Ta ce bayan wannan mu ba da tazara, jikina ya huta. Ta ce in zo da kai."

Na ce, "Ni in je in zauna cikin mata? Baba ya haifi tara, wa ya mutu da yunwa a cikinmu?"

Ashe Baba yana alwala a bakin rijiya, yana jin mu. Bai ɗaga murya ba, ya ce, "Auta, ni da na haifi tara ina da gona a bayan gida, kuma tsakaninka da yayanka shekara uku ne. Kai ina taka gonar?" Na ji kunya, amma a raina na ce tsufa ne. A lokacin ina ganin babu wanda ya kai ni lissafi a gidan.

Ba a daɗe ba Baba ya gamu da shanyewar ɓarin jiki, ya kwanta, ko ƙofar ɗakinsa ba ya iya fitowa. Aka haifi ta biyar. Na duba na ga dole sai na ƙara ɗan ɗaki na yara, kuma babu inda ya rage sai hanyar. Sai dabara ta zo mini. Akwai wani ɗan lungu tsakanin ɗakunan yayyena biyu inda ake ajiye itace. Na ce in na tura ginina cikin hanya, sai hanyar ta karkata ta bi ta lungun nan, ta sha kwana, ta dawo ta faɗa zaure. Na sauko da katakon Baba da kaina, na gitta shi a farkon hanya ya shiga, a tsakiya ya shiga, a bayan kwana ya shiga. Na ƙara da tef ɗina na ɗinki don in tabbata.

Birkilan da na kira, wani dattijo ɗan asalin ƙasar Jos da ya daɗe yana mana aiki, ya tsaya yana kallon igiyar yana sosa ƙeya. Ya ce, "Oga, wannan kwana ya matse fa. Dogon abu ba zai juya a nan ba."

Na ce, "Baba birkila, awo sana'ata ce. Kai dai ɗora bulo."

Da aka fara aiki Baba ya ji ƙarar cebur daga kan gadonsa, ya sa aka kira ni. Bakinsa ya karkace, maganarsa ba ta fita sosai, amma na gane. Ya ce, "Auta, ka auna?" Na ce, "Na auna, Baba, da katakonka." Ya ce, "To, madalla." Bai taɓa ganin ginin da idonsa ba. Kuma ban yi masa ƙarya ba, wannan shi ne abin da ya fi ci mini rai. Faɗi na auna, kamar yadda nake auna kafaɗar riga. Ko sau ɗaya ban tuna cewa makara tana da tsawo ba.

Bayan kamar shekara guda, cikin damina, Baba ya rasu da hantsi. Aka sanar za a yi jana'iza bayan azahar. Aka yi masa wanka aka sa shi a likkafani a ɗakinsa, aka aika masallaci a kawo makara, wadda ya ƙera da hannunsa. Ina tsaye na ga masu shigo da ita sun iso kwanar nan sun tsaya, sai suka miƙar da ita tsaye suka juya da ita suka wuce. Na ce wa kaina in Allah ya so za ta fita, amma tun a nan na san abin da na yi.

Aka ɗora Baba, mu 'ya'yansa maza muka ɗauka muna salati. Muka taho lafiya har kwana. Kan makarar ya doki bangon ɗakin yayana, gindinta ya doki kusurwar sabon ginina. Muka ja da baya, muka sake gwadawa ta gefe, ta ƙi. Muka ɗaga sama, bakin kwanon rufi ya tare mu, don rufin ɗakunan sun kusa haɗewa. Wani ya ce a karkata ta, muka ɗan karkata, na ji jikin Baba ya motsa zai zame, muka yi maza muka daidaita. Zufa ta jiƙa mini riga duk da sanyin da ake yi. Daga waje liman ya aiko a ce mana an tsaya sahu, ga hadari yana haɗowa ta kan duwatsu.

Babban yaya ya ce, "A sauke shi. Mu ɗauke shi a tabarma, mu lanƙwasa mu wuce, in ya so a zaure a mayar da shi."

Sai muka ji muryar Inna. Ta fito bakin ƙofar ɗaki lulluɓe da mayafi, idonta ya kumbura. Ta ce, "Shekara nawa mutumin nan yana auna hanyar nan saboda yau? Bai roƙe ku gida ba, bai roƙe ku mota ba. Abu ɗaya ya roƙa. Yanzu shi za ku naɗe kamar kayan wanki?" Ba ta kalle ni ba. Babu wanda ya kalle ni, babu wanda ya kira sunana. Wallahi da mari suka yi mini da ya fi mini sauƙi.

Na ce a mayar da Baba ƙofar ɗakinsa, kada ƙura ta taɓa likkafaninsa. Na ratsa na shiga zaure na ɗauko babbar gudumarsa. Ina tunanin yadda zan gaya wa maiɗakina, don ita ta fi kowa murna da ɗakin nan, har labule ta sa na ɗinka masa. Da na leƙa sai na tarar ta riga ta fitar da katifar yara da kwandon kayansu, ga goyo a bayanta. Ta matsa gefe ta ce, "Na kwashe komai. Buga."

Na buga. Bugun farko ko fenti bai fashe ba. A na uku bulo ya tsage. Ina bugu ina kuka, ban damu da wa ke kallo ba. Yayyena suka kawo hannu, wannan yana cire bulo, wancan yana jan kwano, mata suna kwashe ɓaraguzai da kwanoni. Kafin a jima kusurwar ta tafi, hanya ta koma miƙaƙƙiya kamar yadda Baba ya bar ta. Muka sake ɗaukarsa. Ya fita daga ƙofar ɗakinsa har ƙofar gida ba tare da makarar ta taɓa bango ba. Ni ne a gaba, hannuna fari fat da garin siminti. Sai da muka gama rufe kabari ruwa ya sauko.

Kwanakin zaman makoki yara suka koma ɗakinmu, muka koma tsallake ƙafafu. Ramin da na fasa muka rufe shi da tamfol. Bayan an share makoki, wata safiya ina shan koko na ce wa maiɗakina, "Ranar da za ki koma asibiti, ki gaya mini mu je tare." Ta ɗago ta dube ni, ta ce, "Baban yara, ka auna?" Duk da baƙin cikin da muke ciki, sai da muka yi dariya.

Na je, na zauna a benci cikin mata, ni kaɗai namiji, malamar asibiti tana tsokanata wai a tafa wa oga. Ta yi mana bayani, muka zaɓi abin da ya dace da mu. Maiɗakina ta yi ƙiba, jirin da ke kayar da ita a bakin murhu ya daina. Sai bayan shekara huɗu muka sami ɗan autanmu, ya zo ya tarar da uwa mai ƙarfin goya shi.

Ban sake gina kusurwar nan ba. Na rushe ragowar, na share wurin, Inna ta dasa alayyafo a tsofaffin bokitai ta jera a jikin bango, tana ba su ruwa har ƙarshen rayuwarta. Ita ma ta nan ta fita, a miƙe. Kwanan baya babban ɗana ya zo mini da zancen aure, yana satar kallon wurin, ya ce ai ɗan ƙaramin ɗaki zai shiga. Na kai shi zaure na nuna masa katakon kakansa, har yanzu yana rataye a ƙusarsa, na ba shi labarin nan tun daga farko. Yanzu ya kama ɗaki a unguwar Rikkos.

Abin da ranar nan ta koya mini shi ne, ba a auna abu da yadda ya shiga yau kaɗai. Ko ɗaki za ka ƙara, ko haihuwa, ko gida a unguwa, sai ka tambayi kanka ta ina za a juya gobe, kuma wa zai sha wahalar matsin. Ni na auna nawa da wayona, mahaifina ne ya tsaya jira a kan makara. Shi ya sa duk wanda ya tambaye ni dalilin da na bar fili a banza a gidan da ake kwana a takure, nakan gaya masa ba a banza yake ba. Ni ma ta nan zan fita.