Mayar da Kaset ɗin Aro zuwa Sabuwa

Ƙanƙara

Na bar gida ƙarfe biyar da rabi, bayan sallar asuba, kwana tara da rasuwar yayana Sale. A aljihuna akwai kaset da muka tsinta a akwatinsa, da rubutun hannunsa: "Na Iliya Sabuwa, aro." Shi da Iliyan tare suka yi karatun injina a Yugoslabiya. Liman ya ce kayan aro nauyi ne a wuyan mamaci, sai ya koma hannun mai shi.

Sheme

Bakwai da kwata na sha koko da ƙosai, na shiga wata tsohuwar mota mai zuwa Faskari. Direba ya hango kaset ɗin.

"Baba, kawo mu ji, rediyona na ci."

Na miƙa ba da son raina ba. Ba waƙa ba ce irin tamu. Ƙarfe ake duka a hankali, ganga kamar takun sojoji, sai wata murya kamar daga cikin rijiya. Muna tsakiyar daji, gonaki babu kowa. Wata tsohuwa ta duƙe tana salati, ta ɗauka harbi ne.

"Kashe abin ga! Mi kake kira muna?"

Direba ya kashe, ya miƙo mini kaset ɗin.

Sabuwa

Daga Faskari babur na hau, awa biyu. Na iske Malam Iliya a zaure, idanunsa sun daina gani. Ya daɗe yana shafa kaset ɗin.

"Sale ya tahi ke nan."

"Ya tahi, Malam."

Ya ce masu kiɗan wasu samari ne 'yan Sulobeniya, wani yanki na Yugoslabiya, farkon fitowarsu. An naɗi wasan a gaban jama'a, shi da Sale suna cikin taron. Matarsa ta ɗauko rakoda. Ya yi ta turawa gaba har inda ƙarafan suka tsaya. Cikin shirun, wani ya yi tari sau biyu.

"Sale ne. Sanyin ƙasar bai taɓa barinshi ba."

Na san tarin. Shekara da shekaru ina jin sa ta katanga.

"Na amsa, na yahe mashi," in ji Malam Iliya. "In kana so, ɗauka."

Ban iya ba. Na bar masa.

Gida

A gidansa na kwana. Washegari da la'asar na iso Ƙanƙara, na shaida wa liman kafin na cire takalmi. Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni, na gode wa Malam Iliya. Allah ya jiƙan Yaya Sale.