Ubale da Igiyar Rijiya

Ɗana Ubale yana da shekara huɗu zazzaɓi ya kwantar da shi a Ɗanzomo. Idanunsa suka yi ja, harshensa ya koma kamar barkono, daga baya fatar yatsunsa ta sale. Kakarsa Larai ta duba ta ce ƙyanda ce. Ban musa ba.

Tun da ƙyanda ba ta kama mutum sau biyu, sai Ubale ya zama ɗan aiken duk gidan da ta sauka. Har ya yi gemu shi ke kai musu kunu, yana tafe yana taƙama. A 1974 ƙyanda ta kama shi sosai, aka shimfiɗa masa tabarma kusa da yara.

"Iya, ba kin ce na gama da ita ba?"

"Waccan leƙo ta yi," in ji Larai. "Yanzu ta zo da kayanta."

Sana'arsa jan ruwa ce, yana shayar da shanun Fulani a Maigatari. Da ya warke, sai ƙirjinsa ya riƙa ɗaurewa in ya ja guga. Na kai shi Kano. Likita ya yi ta tambayata labarin zazzaɓin farko, sannan ya ce a zatonsa ba ƙyanda ba ce, ciwo ne da ke kumbura jijiyoyin jini, kuma ya bar tabo a waɗanda ke ciyar da zuciya. Ya ce in yana son ransa, ya rabu da igiya.

Ubale ya samo jaki ya ɗaura masa igiyar. Jakin kan ja guga biyu ya kwanta.

"Baba, wannan ma ya ga likitanka," ya ce mini.

Bappa, wani makiyayi abokinsa, kan ce bai taɓa ganin rijiya mai marasa lafiya biyu ba.

Haka ya lallaɓa har rani biyu, yana zaune yana yi wa jaki wa'azi. Wata ranar kasuwa shanu suka cika bakin rijiya suna kuka, jakin ya ƙi tashi. Bappa ya ce a jira. Ubale ya kwance igiyar ya naɗa a hannu.

Shanun sun sha. Ubale ya zauna ya jingina da kwamin shayar da shanun, bai sake tashi ba.

Jakin yana gidana. Har yau bai ja komai ba.